Dogo Ya Tafi, Tikiti Ya Saura: Sana'ar Masu Adana Kayan Jirgin Clare

Ɗan kwali ne, girmansa bai wuce fuskar akwatin ashana ba. Tsawonsa inci biyu da kwata, faɗinsa inci ɗaya da 'yan kai. A sama an buga sunan kamfani, a tsakiya sunayen garuruwa biyu, Ennis da Kilkee, a gefe kuma lamba. A ɗaya bakin akwai kwanan wata da inji ya danna har ya nutse cikin kwalin, sai wata 'yar gutsura inda almakashin mai duba tikiti ya cije shi. Wanda ya saye shi don tafiyar yini guda ya saya, kuma ƙa'ida ita ce ya miƙa shi a ƙofar tasha idan ya sauka. Ko mantuwa ya yi, ko cunkoso ne ya fitar da shi, tikitin dai ya biyo shi gida a aljihun kwat. Yau shekara sittin da ɗoriya ke nan da aka cire dogon da jirgin ya bi, ciyawa ta rufe hanyarsa, amma akwai mutanen da za su yi tafiyar yini don su ga wannan ɗan kwali, su ɗauke shi da ɗan hantsaki, su juya shi a hankali kamar mai juya ƙwai.

Waɗannan su ne masu sana'ar tattara kayan tsofaffin jiragen ƙasa, da tantance su, da gyara su, da dillancinsu. A ƙasar Ailan sana'a ce ta mutane ƙalilan. Da yawansu tsofaffin ma'aikatan jirgi ne ko 'ya'yansu, wasu dillalan kayan da ne, wasu kuma maƙera da kafintoci da sha'awa ta ja su. Na zaɓi in bi su ta kan layi guda, wato ƙaramin dogon yammacin gundumar Clare, domin a wannan sana'a kowa da layin da ya riƙe, kuma babban jarinsa shi ne sanin tarihin wannan layin kamar yadda ya san tsakar gidansu.

Layin da iska ke tsayarwa

Clare tana gaɓar yammacin Ailan, fuska da fuska da Tekun Atlantika. Ƙasa ce ta duwatsu da fadamu da ƙananan manoma, kuma manyan kamfanonin jirgi ba su ga ribar da za ta kai su can ba. Sai a 1883 aka yi dokar da ta ba da damar shimfiɗa ƙananan dogaye masu arha, bisa sharaɗin masu biyan harajin yankin su tsaya wa masu hannun jari. A Clare an lamunce musu ribar kashi 4 cikin ɗari: in jirgi bai kawo ba, daga aljihun talakawa za a cike. Ranar 26 ga Janairu 1885 Charles Stewart Parnell, jagoran masu neman wa Ailan mulkin kai, ya zo Miltown Malbay ya sari ƙasar farko da shebur na azurfa. An buɗe mil 27 daga Ennis zuwa Miltown Malbay ranar 2 ga Yuli 1887. A 1892 wani kamfani na kudancin Clare ya ƙarasa layin zuwa Kilrush da Kilkee, inda hanya take rabuwa biyu a mahaɗar Moyasta. Gaba ɗaya ya zama mil 53, kuma kamfanin yamma, mai layin farko, shi ne ke tafiyar da jiragen duka.

Faɗin dogon ƙafa 3 ne, alhali manyan layukan Ailan ƙafa 5 da inci 3 ne. Dabara ce ta rage kuɗin gini, irin wadda ta sa aka yi ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos a zamanin haƙar kuza. Amma arha tana da nata kuɗin: duk kayan da suka iso Ennis sai an sauke su daga babban tarago an loda a ƙarami, shanu kuma a koro su daga wannan jirgi zuwa wancan. Da shanun kasuwa layin ya rayu, da baƙar ƙasar fadama da suke yankawa su busar su yi makamashi da ita, da masu zuwa shan iskar teku a Lahinch da Kilkee lokacin zafi.

Iskar nan kuwa ba ta wasa ba ce, don ta sha kifar da taragai daga kan dogo. A 1911 aka kafa na'urar auna ƙarfin iska a tashar Quilty, aka kuma yi doka: in ta kai mil 60 a awa, taragan da aka yi wa nauyi a ƙasa ne kaɗai za su fita, in ta kai mil 80, kowane jirgi ya tsaya inda yake.

Sunan layin ya zaga duniya ne ta hanyar da masu shi ba su so ba. Ranar 10 ga Agusta 1896 mawaƙi Percy French yana kan hanyarsa ta zuwa yin wasa a Kilkee, sai kan jirgin ya tsaya a Miltown Malbay, saboda ciyayi sun biyo ruwan da aka ɗura masa. Kafin ya isa, yawancin 'yan kallo sun watse. Ya kai ƙara, a farkon 1897 kotu ta ba shi fam 10, daga baya kuma ya yi wa jirgin waƙar shaguɓe wadda har yau ake rerawa a Ailan. Masu sana'ar nan sun san cewa wannan waƙa tana cikin abin da ya sa kayan Clare suka fi na wasu ƙananan layuka kasuwa. Sun kuma san cewa ba ta yi wa layin cikakken adalci ba, domin shi ne ya saura bayan an rufe dukan takwarorinsa. An haɗe shi cikin kamfanin Great Southern Railways a 1925, ya koma hannun kamfanin CIÉ a 1945, aka kawo masa taragai masu injin dizal guda huɗu a 1952 da kawunan dizal uku a 1955. Duk da haka motoci suka ci kasuwarsa. Jirgin ƙarshe ya bi shi ranar 31 ga Janairu 1961, shi ne ƙaramin dogon fasinja na ƙarshe da aka rufe a duk tsibirin.

Inda kaya ke fitowa

Da aka rufe layi, mafi yawan ƙarfensa hannun 'yan gwangwan ya faɗa. Abin da ya tsira ya watsu cikin karkara, kamar yadda aka saba gani duk inda aka cire dogo a Ailan: guntun dogo ya zama ginshiƙin ƙofar gona, katakon da ke ƙarƙashinsa ya zama shinge, gangar jikin tarago ta zama akurkin kaji ko ɗakin ajiya, tashoshi da ɗakunan masu gadin mararraba suka zama gidajen zama. Ma'aikaci ya tafi gida da fitilarsa da hularsa da usur ɗinsa, ya rataye su a bayan ƙofa, har ya koma ga Mahaliccinsa.

Saboda haka rabin sana'ar yawo ne da sauraro. Mai ita yana bin gwanjon kayan gida idan an yi rasuwa, yana leƙa kasuwannin tsofaffin kaya, yana zama da tsofaffi yana shan shayi yana jin labarin wanda kakansa ya yi aikin gyaran dogo a Doonbeg ko Corofin. Sau da yawa kafin ya ga fitila ɗaya sai ya saurari labari goma. A nan ne kuma ake gane mutumin kirki. Tsohuwar da ta fito da akwatin mijinta ba ta san abin da ke ciki zai yi a gwanjo ba. Shi ya sani. Ƙasa ce ƙarama, kowa ya san kowa, wanda ya yi wa gwauruwa wayo sau ɗaya ya rufe wa kansa ƙofofin gunduma guda.

Karatun haruffa

Da kaya sun zo hannu, tambayar farko ita ce: na wane zamani ne? A nan tarihin da muka bi yake zama kayan aiki. Abin da ke ɗauke da haruffan WCR, wato taƙaitaccen sunan kamfanin yamma, ya fito ne daga shekarun da kamfanin ke cin gashin kansa, kafin 1925. Mai GSR, wato Great Southern Railways, na tsakanin 1925 da 1944 ne. Mai alamar CIÉ daga 1945 ne zuwa sama. Allon sunan tasha mai harshe biyu, Turanci da harshen Ailan cikin tsohon salon rubutunsu, bayan samun 'yancin ƙasar aka fara kafa irinsa. Amma gwani ba ya gaggawa. Ya san ƙananan tashoshi sukan ci gaba da sayar da tsohon tikiti shekaru bayan kamfani ya sauya suna, sai ya ƙare, don haka yakan gwada sunan da ke sama da kwanan watan da ke baki. Ya kuma san cewa a Ingila an yi wani kamfani, West Cornwall Railway, mai haruffa iri ɗaya. Maɓallin riga mai WCR bai isa shaida ba sai an duba bayansa, an ga sunan wanda ya ƙera, an kuma ji daga wane gida ya fito.

Tikiti shi ya fi kowa yawan magana. Irin wannan ɗan kwali wani kafinta ne ya ƙirƙiro shi, Thomas Edmondson, wanda karayar arziki ta mayar shugaban wata 'yar tasha a arewacin Ingila a 1836. Ya gaji da rubuta wa kowane fasinja takarda da hannu, sai ya fito da kwali bugagge mai lamba a jere, da akwatin jera shi, da injin danna kwanan wata. Dabararsa ta bi dogo duk inda ya je, har dattawanmu da suka hau jirgin Kano zuwa Ikko irinsa suka riƙe. Lambar nan ita ce ta hana akawu cin kuɗin kamfani, ita ce kuma yau take gaya wa mai tattarawa labari. Tikitin da aka sayar shekaru da yawa bayan buga shi, lambarsa kuma har yanzu ƙarama, yana nuna cewa mutane ƙalilan ne suka taɓa yin wannan tafiya. Irinsa ya fi na Ennis zuwa Kilkee wuyar samu. Tun da kuma dokar kamfani ita ce a karɓe tikiti a kai ofishin bincike a lalata, duk wanda ya tsira sa'a ce ta tsirar da shi.

Akwai kuma kan sarkin jirgi. Daga 1891 aka yi yarjejeniya da gidan waya cewa mai gaggawa zai iya miƙa wasiƙarsa a tasha ta bi jirgi na gaba, in ya ƙara kwabo biyu a kan kuɗin gidan waya. Kamfanoni suka buga nasu koren kan sarki, har da ƙanana irin na Clare. Wanda aka samu manne a jikin ambulan da ta yi tafiya da gaske ya fi wanda bai taɓa aiki ba daraja nesa.

Abin da ya fi taɓa ni cikin kayan nan shi ne sandar hanya. Layin guda ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke. Don kada jirage biyu su yi karo, kowane yanki yana da sandarsa ta ƙarfe, an zana sunayen tashoshi biyu a jikinta, kuma direba ba ya shiga yankin sai da izinin wannan sanda. In ka riƙe ta za ka ji inda ta yi santsi, wurin da hannun shugaban tasha da na direba suka yi ta haɗuwa a kai, cikin ruwa da sanyi, shekara da shekaru. Rayukan mutanen taragai cike sun rataya a kan miƙa ta da karɓarta.

Gane jabu

Inda duk kuɗi suka shiga, jabu zai biyo. Abin da aka fi yi wa jabu shi ne allunan ƙarfen zubi, irin masu gargaɗin kada a bi ta kan dogo ko a rufe ƙofa, da farantan tagulla na maƙeran kan jirgi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen dalma a kasuwa ya san dabarar: a danna tsohon abu cikin yashi, a cire, a kwarara narkakken ƙarfe a gurbinsa. Sai dai ƙarfe yana tsukewa idan ya huce, kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Allon da tsawonsa ƙafa biyu ne, in aka kwafe shi haka, zai fito da ragin kusan kwatan inci. Shi ya sa ba ka raba mai sana'ar nan da abin awo da ɗan littafin da ya rubuta ma'aunin na gaskiya a ciki. Haruffan kwafi kuma bakinsu a dakushe yake, kamar rubutun da ruwa ya taɓa.

Bayan awo sai ya kifa allon. Fuska tana iya ƙarya, baya ba ya yi. Allon da ya yi shekara saba'in a jikin ginshiƙi, gishirin teku yana dukansa, tsatsarsa baƙa ce mai tauri, akwai inuwar ginshiƙin a jikinsa, ramukan ƙusa sun cinye ta inda nauyi ya rataya. Tsatsar da aka yi da gangan, ta hanyar binne ƙarfe ko jiƙa shi da ruwan gishiri, ja ce, tana bin yatsa. Fitila kuwa sai an warware ta: a duba gangar jiki, da tankin mai, da mazaunin lagwani, da gilasan nan ja da kore da ake juyawa a ba direba alama. Akan sami fitilar da aka harhaɗa daga gawarwaki uku, ko wadda aka buga wa haruffa jiya a kan tsohon jiki. Sabon bugu yana tsaga tsohon fenti, ramin harafin kuma yana ƙyalli. Yanzu da ciniki ya koma intanet, gwanaye suna ƙin cinikin biri a sama. In ba za su iya zuwa ba, sai an aiko musu da hoton baya da na awo kafin su taya.

Hannun da ya san inda zai tsaya

Gyara shi ne inda ake bambanta gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana son ƙyalli. Zai kankare fenti tas, ya goge tagulla har haruffa su shafe, ya shafa sabon launi, garin neman gira ya rasa ido. Gwani da burushi mai laushi yake farawa, da ɗan mai, da tsumma. Yana cire ƙura da tsatsar da ke ci gaba da cin ƙarfe, ya bar wadda ta riga ta kwanta, ya rufe da siririn kakin da ke hana danshi shiga. In fenti ya yi hawa-hawa, yakan buɗe ɗan wuri kamar ƙwayar gero ya ƙirga su, domin kowane hawa zamanin wani kamfani ne. Ko da mai saye ya nace sai an sabunta fuskar allo, ba a taɓa bayansa, saboda nan ne shaidarsa take. Lanƙwasar da ke jikin fitila ma ba a cika miƙe ta ba. Wani ne ya buga ta da ƙofar tarago a wani dare, kuma wannan yana cikin abin da ake saye.

Takarda ta fi ƙarfe tsoron hannu. Tikiti da jadawalin jirgi da takardar hannun jari ba sa son rana, ba sa son danshi, ba sa son gam ko salatif, wanda ke barin tabon da ba ya fita. Ana saka su cikin leda ko takardar da ba ta da sinadarin da ke cin su, a ajiye a kwance cikin duhu. Tsofaffin masu tattarawa da yawa sun manne tikitinsu a littafi da gam, yau jikokin sana'ar suna ɓata awanni suna ɓanɓare su da ɗan danshi da haƙuri.

Mafi girman abin da layin ya bari shi ne kan jirgi mai lamba 5, Slieve Callan, sunan wani dutse na yankin. Kamfanin Dübs na Glasgow ya ƙera shi a 1892. Ya fito a wani fim na John Ford da aka ɗauka a tashar Kilkee a 1956, sannan aka ɗora shi a kan dakali a tashar Ennis, ya yi shekaru yana shan ruwan sama. A 1996 aka ɗauke shi, aka yi masa gyara mai tsawo a Ingila, a 2009 ya sake hura wuta a Moyasta, a kan ɗan guntun dogo da aka sake shimfiɗawa. Sheburin azurfar Parnell kuwa yana gidan tarihi a Ennis. Waɗannan manya ne, kowa ya san da su. Ƙananan ne ke buƙatar mai kiwo.

Abin da ake saye da gaske

Farashi a wannan kasuwa a kan abu huɗu yake tsayawa: wuyar samu, da lafiyar kaya, da sunan wurin da ke jiki, da sanin asali. Dillali ko gidan gwanjo yana cire la'adarsa, kuma kaɗan ne ke ci da iyali da wannan kaɗai. Cikin huɗun nan na ƙarshe ya fi nauyi. Shi ya sa mai sana'ar yakan je Dublin, ɗakin karatun ƙungiyar Irish Railway Record Society da aka kafa a 1946, wanda ke tashar Heuston, ya bi tsofaffin hotuna da takardu don ya ga ko allon da ke hannunsa shi ne wanda ke jikin bangon tasha a hoto.

Aikinsa na ƙarshe kuwa da alƙalami yake yin sa. Kafin ya bar gidan da ya sayi fitila, sai ya zauna ya rubuta a 'yar takarda: ta wane ne, a wace tasha ya yi aiki, daga yaushe zuwa yaushe, me iyalinsa suka tuna. Ya ɗaura takardar a hannun fitilar da zare, duk wanda ya saya ya tafi da ita. Fitila ba takarda tsohon gwangwani ce mai gilas. Da takarda, ta zama ta wani mutum da ya tsaya a Quilty cikin dare, iska na neman tsige ta daga hannunsa, yana nuna wa jirgi ja don kada ya shiga halaka. Yaran da iyayensu suka ɗaga su ga jirgin ƙarshe a Janairun 1961 yanzu tsofaffi ne masu furfura. Ƙarfe zai iya jira wata shekara ɗari a bayan ƙofa, su kuwa ba za su jira ba. Mai wannan sana'a ya san haka, shi ya sa idan ya shiga gida yakan ajiye abin awonsa tukuna, ya karɓi shayin da aka miƙo masa, ya ce wa tsohuwa ta fara daga farko.